Ranar da Aka Ce Malama Ta Zauna

Tela ne ya kawo shawarar, kuma har gobe in aka taɓo zancen sai ya rantse shawara ce mai kyau, matarsa ce kawai Allah bai yi ta da jin magana ba.

Matar tasa ita ce shugabar makarantar firamaren ƙauyen. Kowa Malama yake ce mata, har shi. Makarantar ɗakuna uku ce a jere, sai ɗan ofis a gefe wanda karyayyun bencina suka cinye rabinsa. Aji shida ne, malamai biyu: ita da wani saurayi da yara suka laƙaba wa Malam Dogo. Shi yana riƙe da 'yan aji biyar da shida a ɗakin ƙarshe, sauran azuzuwan huɗu kuwa, a ɗakuna biyu, duk a wuyanta suke. Shekarun baya, da ta gaji da zagayowa ta baranda daga wannan ɗaki zuwa wancan, sai ta kira magini ya fasa mata ƙofa a bangon da ya raba su. A bakin wannan ƙofa take wuni a tsaye, ƙafa ɗaya a nan ɗaya a can, tana koyar da ɗakuna biyu lokaci guda.

Wannan aikin ne ya cinye mata murya. Da can har bakin rijiya ake jiyo Malama. Yanzu kafin a tashi tara ta dushe, in ta dawo gida kuwa sai dai nuni da hannu. Nas ɗin asibitin gari ta haska maƙogwaronta da tocila, ta faɗa mata ba ɓoye-ɓoye, a gaban Tela, cewa in ba ta rage ɗaga murya ba, akwai ranar da za ta buɗe baki ta ji shiru. Ana cikin wannan sai ga canjin wurin aiki ya fito wa Malam Dogo. Mahaifiyarsa ce ba lafiya, ya roƙa a mayar da shi kusa da ita, ƙarshen zango zai tafi. Ba wanda ya ga laifinsa. Amma abin a fili yake: in ba a turo wani ba, aji shida za su koma kan mace ɗaya mai rabin murya.

Ofishin ilimi kuwa ya ce bana kasafin bai kai ba. Malami ɗaya tal aka yarda a ɗauka wa yankin gaba ɗaya, ga makarantu da yawa kowacce ta miƙo hannu. Saboda haka za a turo sufeto ya zaga, ya ga wadda ta fi buƙata.

Ana jibi sufeton zai zo, da la'asar, Malama tana zaune a bencin shagon mijinta tana kurɓar ruwan ɗumi da zuma, tana duba littattafan yara. Tela ya tsayar da keken ɗinkinsa, ya cire allurar da ke bakinsa. Mutum ne da bai iya magana a hankali ba, ko sirri zai yi sai maƙwabcin shago ya ji.

"Malama, ki buɗe kunne ki ji ni. Mutumin nan ba kyau zai zo nema ba, ɓaraka zai zo nema. Ni sana'ata ta koya min wannan. In aka jibge min kaya, rigar da ta fi yagewa nake fara ɗauka, lafiyayyar sai ta jira."

Ba ta ɗago ba. "To, so kake in yi ƙarya?"

"Wa ya ce ƙarya? Doka ba cewa ta yi malami ɗaya, ɗaki ɗaya ba? To ki bi doka, rana ɗaya tak. Ki samu kujera ki zauna da ƙanana. Na ɗakin tsakiya ki ƙyale su, su yi abin da yara ke yi in ba malami. Ba ki ƙara komai ba, ba ki rage ba. Ainihin makarantar zai gani, wadda kike tarewa da jikinki kullum don kada a gani."

Jan biron da ke hannunta ya tsaya. Ta daɗe tana kallon shafin da ke gabanta, kuma Tela ya san maganar ta shige ta, don ba ta saba barin sa ya ƙare zance ba tare da ta gyara masa ba.

"Rana ɗaya," ta ce a dushe.

"Rana ɗaya. Ki yi min alkawari."

"Na yi, Maigida."

Da aka gaya wa Malam Dogo sai da ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce shi dai zai ja bakinsa ya yi shiru a ɗakinsa, amma ranar da ya ga Malama a zaune a aji zai ba da labari har tsufansa. Wannan dariyar ce ta sa Tela bai sakankance ba. Ya ɗauko wani kakkauran yadi da wani ya kawo ya manta, ya ɗinka labule, ya ce zai je ya rufe ƙofar nan da kansa don kada ido ya ja ta.

Da sassafe ranar ya ɗauki guduma da ƙusoshi ya bi ta. Abin kunya ne a faɗa, amma duk shekarun aurensu bai taɓa zama a makarantar nan na safiya guda ba. Ya san ta daga waje, ya san ƙurar allin da ke maƙale a hannun rigunan matarsa, iyakarsa ke nan. Ya kafa labulen, ya ja shi ya ga ya zauna, sannan ya samu ƙarshen benci a bayan ɗakin ƙanana ya zauna, gwiwoyinsa har kusa da haɓa. Yara suka yi ta waiwayensa suna ƙunshe dariya.

Sufeton ya iso a kan babur, ƙafar wandonsa duk taɓo. Ba mai tsare gida ba ne kamar yadda Tela ya zata. Dattijo ne siriri mai alamar gajiya, kuma abin da Tela ya fara gani a jikinsa shi ne aljihun rigarsa da aka ɗinke da zaren da bai dace ba. Ya gaisa da kowa, ya tambayi wane ne wannan babban ɗalibin na baya, Malama ta ce maigidanta ne, labule ya zo kafawa. Sufeto ya ce madalla, ya ja kujera ya zauna a kusurwa da takardunsa.

Malama ta zauna. Wallahi ta zauna. Ta jawo 'yan aji ɗaya da biyu kusa da teburinta tana nuna musu baƙaƙe a kan kwali, a hankali, kamar ba ita ba.

Ba a jima ba ɗakin tsakiya ya gane yau ba kowa a kansa. Aka fara da ƙus-ƙus, aka koma surutu, sai ga ƙarar benci ya faɗi. Wani ya sa kuka, wasu suka kwashe da shewa, aka ji ana bin juna da gudu. Sufeto ya tashi ya ɗaga gefen labulen, ya leƙa, ya girgiza kai, ya dawo ya yi rubutu mai tsawo. Daɗi ya kama Tela har sai da ya danne bakinsa da hannu. A ransa ma ya riga ya ga sabon malamin yana sauka daga mota da jakarsa.

Ita kuwa Malama tana shan azaba, kowa ya gani. Hannunta na hagu ya damƙi gefen tebur. Duk sanda wani abu ya faɗi a can sai kafaɗarta ta motsa, idonta ya tafi wajen labulen, Tela kuma ya yi gyaran murya da ƙarfi, sai ta dawo da kanta ga kwalin. Haka suka yi ta yi, ita waige shi tari, har wata 'yar mitsitsiya ta taso ta miƙa masa gorar ruwanta.

Can sai hayaniyar ta fara lafawa da kanta. Yaran da aka saba wa aiki ba su iya daɗewa a wasa ba, ya gundure su. Aka ji ana ja da bencina ana mayarwa, aka ji wata babbar yarinya 'yar aji huɗu tana cewa kowa ya zauna, sannan ta buga allo da sanda yadda ta ga ana yi. Tela ya dafe kai. Ja'iran yara, wa ya aike su?

"Bakwai sau shida!" in ji yarinyar.

"Arba'in da biyu!" ɗakin ya amsa.

"Bakwai sau bakwai!"

"Arba'in da tara!"

"Bakwai sau takwas!"

Aka yi ɗan jim, ba wanda ya tabbata. Yarinyar ta cike musu da ƙarfin hali: "Hamsin da huɗu! Ku maimaita!"

"Bakwai sau takwas, hamsin da huɗu!"

Tela mutumin awo ne, ya san hamsin da shida ne. Ya dubi matarsa. Kwalin ya riga ya sauka daga hannunta. Ta haƙura da faɗuwar benci, ta haƙura da kuka, amma wannan daban ne, ya ga fuskarta kamar wadda aka taka wa gyambo. Ɗakin tsakiya ya sake rerawa, da daɗin murya kuwa, har da buga tebur. A karo na gaba sai wasu daga cikin ƙananan da ke gabanta suka ɗauka, suna lilo da kai: hamsin da huɗu, hamsin da huɗu.

Malama ta miƙe.

"Malama!" in ji Tela, a ganinsa raɗa ya yi, amma har Malam Dogo ya jiyo shi daga ɗakin ƙarshe.

"Ka yi haƙuri, Maigida," ta ce, ko kallonsa ba ta yi ba. Ta fizge labulen, ƙusa ɗaya ta yi tsalle ta faɗa ƙarƙashin kujerar sufeto.

Ɗakin tsakiya ya yi tsit. Ba ta yi wa yarinyar faɗa ba. Cewa ta yi ta kyauta da ta tara su, sannan ta sa aka zazzage gwangwanin marafan kwalba a ƙasa, aka jera bakwai-bakwai har layi takwas, ta ce yarinyar ta ƙirga da kanta da ƙarfi. Da ta kai hamsin da huɗu ta ga saura biyu a ƙasa, sai ta rufe fuska da hannu, aji ya yi dariya, ita ma ta yi.

Da a nan ta tsaya, wataƙila da an tsira. Amma ƙafarta ta riga ta taka bakin ƙofar nan, kuma daga nan Tela ya san an gama da shi. Allo biyu ne a jikin bangon, ɗaya ta kowane gefen ƙofa, tana iya kai hannu ga kowanne ba tare da ta matsa ba. Ta rubuta wa 'yan aji huɗu lissafi, kafin su ɗago ta juya ta ba 'yan aji biyu kalmomin kwafa. Ta ƙwanƙwasa katakon ƙofa sau ɗaya, 'yan aji uku suka buɗe littafin karatu, uku-uku a kan littafi guda. Ta ƙwanƙwasa sau biyu, 'yan aji ɗaya suka ɗauko allunansu. In wannan ɗaki yana magana wancan yana rubutu, in wancan ya buɗe baki wannan ya sunkuya, ba a taɓa karo ba. Tana sauraron mai karatu a dama ta ce da wani a hagu, ba tare da ta waiga ba, ya bar cin fensirinsa. Ta san wanda bai karya ba, ta san wadda ba ta gani daga baya, ta jawo ta gaba da yatsa ɗaya. Guntun allin da ya rage mata bai kai ƙwayar gyaɗa ba, da shi ta yi duk wannan.

Tela ya zo da niyyar gadi, sai ga shi baki buɗe. Haushi yana cin sa, amma wani abu ya fi haushin ƙarfi. Shi mai sana'a ne, ya san gwani in ya gan shi, kuma bai taɓa ganin hannu irin wannan ba, ko a cikin manyan telolin da ya koya a wurinsu. Ashe da wannan matar yake kwana yake tashi, yana yi mata ƙorafin ta cika gajiya. Alfahari ya cika masa ƙirji, kunya kuma ta biyo baya. Da ya waiga sai ya ga sufeto ya ajiye biro, ya tashi tsaye ya harɗe hannu yana kallo, shi ma kamar ɗalibi.

Kafin a buga ƙararrawar tara, muryar Malama ta koma siririya kamar zare.

A ofis, tsakanin karyayyun bencina, sufeto ya zauna ya daɗe yana juya takardarsa. Tela ya tsaya a bakin ƙofa, ba wanda ya gayyace shi, ba kuma wanda ya kore shi.

"Malama, ba zan ɓoye miki ba," in ji sufeto. "Da safe, da na leƙa ɗakin nan, na riga na sa makarantarku a gaba. Sai kika tashi."

"Ranka ya daɗe, to ka bar ta a gaban mana!" Tela ya faɗo ciki. "Ba ka ji muryarta ba? Wancan dogon kuma tafiya zai yi. Ita kaɗai za a bari!"

"Na ji muryar, Malam, kuma na san da tafiyarsa. Zan rubuta, zan kuma bi da ƙafata, ko baɗi a dube ku. Alkawari ne dai ba zan yi ba, don ba a hannuna yake ba." Ya juya ga Malama. "Shekaranjiya ina wata makaranta a hayin rafi. Malaminsu ya bar aiki tun farkon shekara. Na samu 'yan aji biyar ba su iya rubuta sunansu ba, kuma kullum suna zuwa, su share aji su zauna. Malamin da za a ɗauka kuwa guda ɗaya ne. Na ga abin da yaranki suka yi da aka bar su, na kuma ga abin da waɗancan suke yi."

Malama ta dube shi. "Suna da yawa?"

"Sun fi naki."

Ta murza ƙurar alli a yatsunta. Sannan ta ce, "Allah ya sa ya zauna musu." Ta tashi ta koma aji, don an riga an buga ƙararrawar dawowa.

Tela bai jira ta ba. Ya naɗe labulensa ya koma shago, ya hau keke yana taka shi kamar da shi suke faɗa, har ya karya allura. Da la'asar ta shigo ta zauna a bencinta. Ya cika ya batse, ya yi niyyar ba zai tanka ba, amma bakinsa bai taɓa yi masa biyayya ba.

"Biyu!" ya ce. "Tsakanin hamsin da huɗu da hamsin da shida, biyu ne fa kacal. A kan biyu kika ba da malami sukutum! Da kin bari, gobe ba sai ki gyara musu ba?"

Sai da ya matso kafin ya ji amsarta. "Abin da suka rera tare ba ya fita da sauƙi. Sai in yi wata ina kankare shi."

"Sai ki yi watan!"

"Gaskiyarka ne."

Ya shirya wa musu, ya tanadi maganganu tun azahar, bai shirya wa wannan ba.

"Gaskiyarka ne, Maigida," ta sake cewa. "Ina ji kana kira na. Na san abin da nake zubarwa. Ƙafata ce ta ƙi zama." Ta kalli hannayenta, hawaye suka sauko mata ba sauti. "Tsoro nake ji. Aji shida. In na buɗe baki wata rana abin ya ƙi fitowa, su waye za su share aji su zauna? Yarana ne."

Tun da yake da ita bai taɓa jin ta ambaci tsoro ba. Tausayinta ya kama shi har ya rasa inda zai sa idonsa. Ya koma kan keke, ya sa sabuwar allura, ya yi ta neman kafarta da zare yana kuskurewa. Wani ya leƙo da yadi a hammata, Tela ya ce masa ya dawo gobe, ko yadin bai duba ba.

"Ni dai karatuna bai yi nisa ba," ya ce can, yana kallon allurar. "Kin fi kowa sani."

Ta gyaɗa kai.

"Ba sai kin yarda da sauri haka ba." Ya ja tsaki. "Amma murya, Allah ya ba ni har ta yi min yawa. Ke kike cewa ina hana maƙwabta barcin rana. To in an koma hutu, ki tsaya inda kike tsayawa, ni in tsaya kusa da ke. Ki faɗa min a kunne, ni in ɗaga. Abin da kika ce shi zan ce, ba zan ƙara ko gishiri ba."

Ta ɗago ta dube shi. "Shagon fa? Da safe kake samun mutane."

"Masu kawo ɗinki? Yaushe suka taɓa zuwa ban ce su dawo anjima ba? Sun saba."

Dariya ta kama ta, irin wadda ba ta da sauti, kafaɗunta kawai ke rawa, hawayen ma ba su tsaya ba. Ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu.

"A'a, ajiye ta, yara ke da ita. Nuna min da yatsu kawai. Ƙarfe nawa ake son sabon ma'aikaci ya iso?"